Baƙar Lakar da Na Juye a Juji

Abu biyu na aikata a rayuwata waɗanda da ana warware aiki kamar yadda ake warware saƙa, da na warware su. Na farko bai ɗauke ni lokacin da mutum yake shanye ƙwaryar fura ba: na buɗe wani duro da aka ba ni amana, na juye abin da ke cikinsa a jujin gidanmu. Na biyu ya ɗauke ni shekara bakwai: ina gani ana ɗora wa 'yata Saratu laifin abin da hannuna ya yi, na kame bakina. Ku 'ya'yana da jikokina kun saba jin ana cewa baƙin garin Saratu ne ya nakasa jikata Dije. Ni na bari kuka yarda da haka. Karatuna bai wuce firamare ba, hannuna kuma ya fara rawa, amma wannan babin ba zan ba kowa ya rubuta mini ba.

Sai na fara da ƙasarmu, don wanda bai san ta ba ba zai gane irin wautata ba. Nan tsakanin Makoda da Ɗanbatta babu daji. Gona tana jingine da gona, iyakarsu ɗan layin gamba ne ko na lalle. Ba ma barin gona ta huta, saboda babu inda za mu koma kafin ta huta ɗin. Taki ne kawai yake riƙe da ita. Shi ya sa a gidanmu ba a san wani abu wai shi shara ba. Toka, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, tsumma, ruwan wanke-wanke, komai juji ake kai shi, in rani ya yi a ɗora wa jaki mangala a kwashe zuwa gona. Mahaifina Bawa, wanda ya rasu a kan addinin kakanninsa, yakan ce mana:

"Babu abin da ƙasa ba ta ci. Ka ba ta wata shida, ko dafin maciji ne sai ta mai da shi dawa."

Da wannan maganar na girma, kuma har na yi furfura ban taɓa ganin ta faɗi ƙasa ba.

A gabashin gari akwai babban kududdufin da kakanninmu suka haƙa wajen ɗiban ƙasar gini. Yana riƙe ruwa har tsakiyar rani, da shi muke ban ruwan 'yan lambunanmu na alayyafo da albasa da latas. Wata shekara wasu baƙi suka kama fili a bakinsa, suna fasa tsofaffin batura na mota da na sola, su narka dalmar da ke ciki su kai birni. Ruwan batir da ruwan wankinsu duk kududdufi suke gangarawa. Ina cikin dattawan da suka ce a ƙyale su, mutum yana neman abincinsa ba a kore shi. Suka yi shekara uku suka tashi. Bayan tafiyarsu muka lura kwaɗi sun daina kuka a wurin, amma tunda ruwa yana nan fes a ido, muka ci gaba da ban ruwa.

Saratu ita ce ta uku a 'ya'yana, ita ce kuma ta yi nisa a boko. A lokacin tana jami'a a Kano tana digiri na biyu a kan sinadarai. Ta zo hutu ta ga tulin ɓawon batir a bakin ruwa, ta cika 'yan kwalabe ta tafi da su. Da ta dawo sai ta tara mu a tsakar gida bayan la'asar: ni, da matata Kande, da ɗana na fari wanda bakina ba ya kiran sunansa, amma takarda ba ta da kunya, wato Haruna, da matarsa Talatu. 'Yarsu Dije tana kan cinyata. Saratu ta ce an gwada ruwan, dalma ta yi masa yawa, kuma dalma ba ta wari, ba ta ɗanɗano, sai dai ta taru a jikin mutum a hankali, yara ƙanana ta fi yi wa ɓarna. Sannan ta ajiye kwalba cike da ruwan kududdufi, ta fito da wani baƙin gari a 'yar roba.

Kande ta leƙa ta ce, "Kwalli kika kawo mana? Miƙo in gwada, nawa ya ƙare."

"Inna, wannan kwallin ya fi ƙarfin idonki."

Haruna ya yi dariya. "Shekara da shekaru kina makaranta, ashe dakan gawayi ake koya muku. Da kin faɗa ai da Talatu ta koya miki kyauta."

"Yaya, kai dai zuba ido."

Ta zuba garin kaɗan a kwalbar ta girgiza, ruwa ya yi baƙi ƙirin kamar na marina. Ta bar shi ɗan lokaci tana ta girgizawa. Daga nan ta ɗauko maganaɗisu, abin da muke kira mayen ƙarfe, ta manna a gefen kwalbar. Wallahi ina kallo baƙin nan ya taso daga ko'ina ya nufi gefe ɗaya, kamar 'yan tsaki in an watsa tsaki. Kafin Kande ta gama salati ruwa ya washe, baƙin ya dunƙule a jikin gilashi. Dije ta tafa hannu tana ƙyalƙyala dariya.

Na ce, "To, yanzu ina dalmar?"

Ta nuna dunƙulen ta ce, "Tana nan, Baba. Garin nan ƙarfe ne, ɗan'uwan tsatsa, amma an yi shi ƙanana ƙwarai, ƙwaya ɗaya ido ba ya ganinta. Garin tuwon da Inna ta tankaɗe sau uku tsakuwa ne a kusa da shi. In ya shiga ruwa, dalma tana manne masa kamar yadda ƙarangiya take manne wa wando. Shi kuma ƙarfe ne, in maye ya kira shi dole ya zo, ya zo da abin da ya manne masa."

A ranar Haruna bai ƙara tsokanarta ba. Ni kuwa kaina ya yi girma har hulata ta so ta yi mini kaɗan.

Wata biyu muka yi muna aikin a bakin kududdufi. Ta kawo tankunan roba guda biyu. Mu ɗebo ruwa mu cika, ta auna garin ta zuba, ni in riƙa juyawa da doguwar sanda kamar mai tuƙa tuwon biki. Sai ta zura mayen ƙarfe da aka rufe cikin bututun roba, ta zaro shi ya yi kauri da baƙar laka, ta kankare lakar cikin wani shuɗin duro mai murfi da zobe. Hannunta kullum da safar roba, ni ma ta tilasta mini sawa. Ruwan da ya washe shi muke ba wa fangalin lambu huɗu da ta keɓe. Gwaji ne, bai isa ya wanke kududdufi duka ba, amma ta ce in sakamako ya yi kyau za ta nemi a taimaka a yi babba. Duk kwalbar da ta kai Kano ta dawo da labari mai daɗi. Mutane suka fara kirana Baban Likitan Ruwa, ni kuma ina amsawa.

Da hadari ya fara haɗuwa ta tattara kayanta. Duron lakar ya yi nauyi, motar haya ba za ta ɗauka ba, sai motar makaranta. Ta shafa masa jan fenti a gefe, muka gangara da shi ɗakin ajiyata da ke jikin zaure, wanda ni kaɗai nake riƙe mabuɗinsa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce:

"Baba, ka ji ni da kyau. Garin nan ba kashe guba yake yi ba, tara ta yake yi. Kamar a bi gida lungu-lungu a tsince kunamu a zuba a tulu ɗaya ne. Gida ya huta, amma tulun fa?"

Na ce, "Tulun ba a buɗe shi."

"Yauwa. A can za mu wanke garin mu raba shi da dalmar, mu sake aiki da shi. Wata ɗaya ko biyu zan zo da mota. Kai na ba wa, don kai ne ba ka wasa da amana."

Na rubuta wannan yadda ta faɗa, don kada wani ya ce wata rana tsoho bai sani ba ne. Na sani. An gaya mini da Hausar da jaki ma zai gane.

Wata biyu suka wuce, malaman jami'a suka shiga yajin aiki, aka rufe makaranta da motocinta. Damina ta zo ta wuce. A kakar nan wake ya yi albarkar da na daɗe ban gani ba. Ina da shuɗɗan duro biyu irin wancan, na cika su na ɗaure, don wake in ba ya samun iska ƙwari ba sa rayuwa a cikinsa. Saura ya rage a buhuna, kuma kafin sati uku na fara ganin huji. Ga abin dariya da ba dariya ba: ni ne mutumin da ba ya yarda a barbaɗa wa wake maganin ƙwari, ina cewa ba zan ciyar da iyalina guba ba. Kullum na shiga ɗakin ajiya sai idona ya faɗa kan duron nan mai jan fenti, yana zaune ya tare wuri, wake kuma yana lalacewa a gefensa. Na kira Saratu a waya na tambaye ta yaushe za ta zo. Ta ce, "Baba, a ƙara haƙuri, kada dai a taɓa." Ban gaya mata abin da ke raina ba.

Ranar da na yi abin, mutanen gida duk sun tafi bikin suna a ƙauyen iyayen Talatu. Da hantsi na cire zoben na ɗaga murfi. Lakar ta kwanta a ƙasa, ruwa garau a samanta. Na sunkuya na shinshina, babu wari ko kaɗan. Na ƙirga watanni a yatsa, sun haura shida. Sai maganar mahaifina ta zo mini. Na ce a raina, taki mai zafi ma in ya kwana biyu hucewa yake, maganin feshi in ya daɗe ƙarfinsa mutuwa yake, wannan ma ai ya mutu. Yaran boko suna da tsoro. Na gangara da duron bayan turken awaki inda jujinmu yake, na kifa shi, na rufe da toka da kashin awaki. Na wanke shi da yashi da sabulu har sau uku, na shanya, na cika shi da wake. Sannan na ɗauko wuƙa na kankare jan fentin.

Wannan kankarewar ita ce shaida a kaina. Wanda ya yarda abin da ya yi daidai ne ba ya kankare alama.

Dije a lokacin tana da shekara biyu da rabi, bakinta ya buɗe da wuri, surutu kamar kanari. Ina kiranta amarya, tana kirana ango. Duk inda na sa ƙafa tana biye. Wurin wasanta gefen jujin nan ne, inda inuwar darbejiya take sauka, tana da gwangwanayenta na tumatir da take dafa tuwon ƙasa.

"Amarya, yau me aka dafa wa ango?"

"Tuwo."

"Da miyar me?"

"Miyar kuka. Ba nama. Ba ka kawo ba."

Tun ranar da ta ga wasan kwalba take kukan a ba ta mayen ƙarfe, har na ciro mata na wata tsohuwar rediyo da ta mutu. Da shi take yawo tana kama ƙusa da marfin kwalba. Kaji kuwa ba su san amana ba, sun tona tokar da na rufa. Wata safiya ina gyara igiyar akuya ta taho da gudu, hannunta a sama.

"Ango, ango, ga gemu! Ya yi gemu irin naka!"

Mayen ƙarfen ya fito da baƙin gashi tsaye cirko-cirko. Yatsunta baƙi, gefen bakinta baƙi. Na gane abin nan take. A lokacin Talatu tana daka a tsakar gida, tsakanina da ita bai fi taku goma ba. Da na ɗaga murya na ce a ɗauke yarinyar nan daga wurin, a kira Saratu yanzu, da watakila wannan babin bai samu ba. Amma in na faɗa, sai an tambaye ni dalili. Sai na kama hannunta na goge da bakin rigata, na ce, "Yar da shi, ƙazanta ce." Na ƙara toka a wurin na tafi gona. Washegari ta koma, kaji ma suka koma.

Ciwon bai zo da gaggawa ba. Ta fara ƙin abinci, tana riƙe ciki tana kuka, bayan gida ya ɗauke. Aka ce zazzaɓi ne aka sayo magani, aka ce ciwon shawara ne aka jiƙa saiwa. Yarinyar da ba ta rufe baki ta koma zama shiru a jikin uwarta, in ta tashi tafiya sai ta riƙa tangaɗi. Ni ina kallo ina gaya wa kaina haƙori ne, iska ce, komai ne ban da abin da na sani. Wata rana bayan azahar ta sandare tana jijjiga, idonta ya juye. Haruna ya saɓa ta a kafaɗa ya hau babur zuwa Ɗanbatta, daga can aka tura su Kano. Saratu ta same su a asibiti. Da ta ji yadda ciwon ya faro, ita ta roƙi likita a gwada jinin a nemi dalma. Aka same ta, da yawa.

Dije tana kwance ana ba ta maganin da yake fitar da dalma daga jiki, Saratu ta taho gida neman inda ta samo ta, don ta ce in ba a gano ba sauran yara ma suna cikin haɗari. Haruna da Talatu suka biyo ta, aka bar ƙanwar Talatu a wurin jinya. Ta duba rijiya, ta duba tukwane, ta duba randa. A cikin gwangwanayen Dije ta tsinci mayen ƙarfen rediyo da gemunsa. Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta ciro nata daga jaka ta bi da shi saman juji, baƙin gari ya riƙa tasowa yana mannewa, kowa yana gani.

Haruna ya ce, "Wannan ba garinki ba ne?"

Ta ci gaba da bin saman juji da mayen ƙarfen.

"Tambayarki nake! A nan kika riƙa wanke bokitanki ko? Kin zo kin mai da gidan ubanmu wurin gwaji, kin tafi kin bar mana!"

Talatu ta zube ƙasa tana kuka. Saratu ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa na sami wata tsakuwa a gaban takalmina na zuba mata ido. Ta ce, "Baba, ara mini mabuɗin ɗakin ajiya." Muka shiga mu biyu ta turo ƙofa. Duro uku a jere, duk shuɗɗa. Ta bi su da tafin hannu har ta kai inda wuƙa ta kankare. Ta cire zobe ta ɗaga murfi, ga wake fari tas har baki. Ta daɗe a tsaye, hannunta a kan murfin.

"An ci daga ciki?"

"A'a."

"Alhamdu lillahi. Ba za a ci ba, ba za a sayar ba, ba za a shuka ba."

Na ce, "Saratu..."

"Baba, kada ka ce komai yanzu. Yaya yana cikin zafi. In ya ji wannan yau, gidan nan ba zai ƙara zama gida ba. Ni ina da inda zan koma. Kai nan ne naka."

Ta fita tsakar gida ta tsaya a gaban kowa ta ce, "Garina ne. Ni na kawo shi gidan nan." Ba ta yi ƙarya ba ko da kalma ɗaya, ta dai tsaya a inda gaskiya za ta taɓa ni. Haruna ya nuna ta da yatsa ya ce kada ƙafarta ta ƙara taka sashensa. Kande, uwar da ta haife ta, ta ce, "Da na san abin da za ki karanto ke nan, da tallan gyaɗa na ɗora miki." Ni ina bakin ɗakin ajiya, mabuɗi a hannuna.

Ku lura da abin da ta ce mini. Cewa ta yi kada in yi magana yanzu. Aron kwanaki ta ba ni, ni kuma na riƙe shekara bakwai.

Kafin ta koma ta sa aka haƙe jujin nan har zurfin gwiwa, aka ɗure ƙasar a buhuna masu leda, aka tafi da ita tare da duron waken, aka zubo sabon yashi. Ta sa aka gwada sauran yaran gida, Allah ya taƙaita. A shekarar gonata ba ta ga taki ba, in an tambaye ni sai in ce Saratu ta kwashe. Labari ya zaga gari cewa maganin 'yar boko ya fi cutar illa. Da aka buɗe makaranta ta aiko tana neman izinin ci gaba da aikin kududdufi, dattawa suka taru a ƙofar mai unguwa suka ce a'a. Ina wurin. Aka ce, "Kai ne ubanta, me ka gani?" Na ce abin da jama'a suka gani shi na gani. Kududdufin yana nan har yau, an kewaye shi da ƙaya, lambuna sun mutu. Mutanen da suke cin albasar kansu da rani yanzu madatsar ruwa ta Watari suke tafiya ƙwadago a lambun wasu. Wannan ma yana cikin abin da na juye a juji.

Dije ta rayu. Amma yarinyar da ta dawo daga Kano ba ta dawo da maganarta ba. Kalmomin da ta iya sun zube, sai a hankali ta riƙa tsinto su ɗaya-ɗaya. Kunnenta na hagu ya yi nauyi. Yanzu ta kusa shekara goma, ƙannenta sun wuce ta a aji, abin da aka koya mata da safe kafin yamma ya gudu. Ba ta da fushi, ba ta da ƙiwa. Har yau in na dawo daga gona ita take kawo mini ruwa a moɗa, ta durƙusa ta ce, "Ango, sannu." Babu ranar da zan karɓi moɗar nan ban kalli yatsunta ba.

Saratu ta gama karatunta, ta yi aure a Kano, na ji kuma tana ci gaba da aikin garin nan a wasu wurare. Takan zo da salla ta gaishe ni a zaure, ta shiga ɗakin uwarta ta fito, ba ta kwana. Ba ta taɓa tuna mini ba, ko da ido. Duk zuwanta sai na shirya magana, in ta tafi in ce sai wani zuwan. Na ce bari Dije ta warware, bari Haruna ya huce, bari a gama biki, bari a gama girbi. Mai neman uzuri a ƙauye ba ya rasawa, kowane wata da aikinsa.

Bara Kande ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Saratu ta zo ta yi sati tana jinyarta. Ana gobe za ta rasu, da rana tsaka, ina zaune a bakin gado, Kande ta kamo hannun Saratu ta ce da ƙyar:

"Abin da ya faru da Dije, na yafe miki. Kuskure ne, ba da gangan kika yi ba."

Saratu ta sunkuyar da kai ta ce, "Na gode, Inna."

Ta yi godiya a kan yafiyar laifin da ba ta yi ba, a gaban wanda ya yi shi. Na buɗe baki, na ga numfashin Kande yana sama-sama, na ce ba yanzu ba. Washegari ta cika. Matar da na zauna da ita shekara arba'in da wani abu ta tafi ba ta san wanda take aure ba, ta tafi da tabo a kan 'yarta wanda ba zan iya goge shi ba har abada. Wannan ƙofar ta rufe, ba ni da mabuɗinta.

Da ranin nan muna kai taki gona ni da Haruna. Ya sauke mangala ya zazzage, ya ɗauki fartanya zai baza. Na kalli tulin nan baƙi a kan farar ƙasa, na ji in na bar gonar nan ban faɗa ba, to sai a kabari. Na ce masa ya ajiye fartanya. Na gaya masa komai, tun daga hujin wake har jan fenti. Bai katse ni ba. Da na kai wurin gemu sai ya ɗago.

"Ka gani a hannunta?"

"Na gani."

"Me ka yi?"

"Na goge mata da rigata."

Ya zauna a kan kunyar gona. Can ya ce, ba da ni yake ba, da ƙasa yake, "Shekara bakwai ina hana 'ya'yana su gai da Saratu." Ya tashi ya baza takin nan tas, ya ɗora wa jaki mangala, ya kama hanyar gida bai waiwayo ba. Kwana uku bai zo gaishe ni da safe ba, abin da bai taɓa yi ba tun da ya iya magana. Ban aika a kira shi ba. A rana ta huɗu ya shigo zaure ya durƙusa, ya gaishe ni a taƙaice, idonsa a kan tabarma. Sannan ya ce:

"Ba ni lambarta."

Uwa ɗaya uba ɗaya, ba shi da lambar ƙanwarsa. Tana rubuce a 'yar takarda da nake ajiyewa a cikin hulata. Na ciro na miƙa masa. Ya fita gindin darbejiya, na ji ya ce, "Saratu, ni ne." Na tashi na bar zauren, don abin da ya biyo baya nasu ne. Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba tukuna. Ban ga da wace fuska zan roƙi a gaggauta mini abin da na jinkirta wa wani shekara bakwai ba.

Ranar Juma'a mai zuwa zan tsaya a ƙofar mai unguwa in maimaita wannan a gaban waɗanda suka ce a'a, ko Allah zai sa su bar Saratu ta dawo kan kududdufi, in har tana so. Garinta bai cuci kowa ba. Aikin da aka yi shi dominsa ya yi: ya tsinto gubar da ta warwatse ya tara ta wuri ɗaya, aka rufe, aka ba dattijo mabuɗi. Mahaifina bai yi ƙarya ba, abin da ya sani ya faɗa, a zamaninsa babu batir. Ni ne na ɗauki mudun gero na auna abin da ba hatsi ba. Dalma ba ta ruɓewa, ƙasa ba ta cinta.

Roƙona gare ku, ku da za ku karanta bayan ba ni: in wanda ya fi ku sanin abu ya ce kada ku buɗe, ku bar shi a rufe, ko da ɗan cikinku ne, ko da waken duniya zai lalace. In kuma shaiɗan ya rinjaye ku kuka buɗe, kada ku yi irin tawa. Ku ɗaga murya a ranar, tun baƙin yana hannun yarinya, tun mai daka tana taku goma daga inda kuke tsaye.